Ɗakin Bayan A-kori-kura: Abin da Ke Cin Firam Ɗinsa da Yadda Ake Gyara Shi

A ƙasashen Amurka da Kanada akwai wani ɗan ɗaki da matafiya suke ɗorawa a bayan a-kori-kura, mai ɗauke da gado da wurin girki. Irin waɗannan ɗakuna sun yaɗu a shekarun 1960 da 1970, kuma wasu sukan haura tan ɗaya a nauyi. Idan za a sauke ɗakin, sai a tsayar da shi bisa jak huɗu da ke kusurwoyinsa, motar ta fice daga ƙarƙashinsa.

Yawancin tsofaffin ɗakunan da siraran katako aka yi firam ɗinsu, wato ƙashin da ke riƙe da bango da rufi, sannan aka lulluɓe shi da fallayen gorar ruwa. Babban abokin gabar wannan firam shi ne ruwa. Dankon da aka liƙe mahaɗar rufi da gefen tagogi da shi yakan bushe ya tsage saboda zafin rana da jijjigar hanya. Daga nan ruwan sama ya riƙa tsiyaya ciki, ya kwanta a inda iska ba ta kaiwa. Muddin laimar katako ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba, naman gwarin da ke ruɓar da shi ba ya iya yaɗuwa. Idan katakon ya daɗe a jiƙe kuwa, sai ya cinye zaruruwansa, alhali daga waje ɗakin yana nan sumul.

Haɗarin ya fi tsanani a wurare biyu. Na farko shi ne sashen gado, wanda ya miƙe bisa kan direba ba tare da madogara a ƙarƙashinsa ba. A ilimin fiziya, ƙarfin lanƙwasa shi ne nauyi sau nisansa daga madogara. Alal misali, kilo 100 a nisan mita ɗaya yana wahalar da mahaɗa ninki biyu na yadda zai yi a rabin mita. Na biyu shi ne kusurwoyin da aka ɗaure jak. Idan katakon wurin ya ruɓe, ƙusoshi sukan zare, ɗakin ya kife a lokacin da ake sauke shi, har ya danne wanda ke kusa.

Alamomin ɓarna sun haɗa da warin rima, da tabon ruwa a silin, da bango mai lotsawa idan an danna, da ƙusoshi masu tsatsa.

Wajen gyara, kafinta yakan fara tallafe ɗakin da turaku, sannan ya ɓamɓare gorar ruwan a hankali. Sai ya yanke duk katakon da ya ruɓe har ya tarar da mai lafiya, ya bar wurin ya bushe sarai. Bayan haka ya sa sabon katako, ya haɗa shi da tsohon ta hanyar jingina masa wani a gefe, da gam da ƙusoshi masu zare. A kusurwar jak akan ƙara farantin ƙarfe domin nauyi ya bazu.

Daga ƙarshe, dole ne a gano kafar da ruwan ya bi a liƙe ta da sabon danko, in ba haka ba sabon katakon ma zai bi sahun tsohon. Shi ya sa masu irin wannan ɗaki suke duba mahaɗun rufi aƙalla sau ɗaya a shekara.