In'ina da Rayuwar Matasa Masu Harshen Farisanci

In'ina, watau sarƙewar magana ko maimaita sautin farko na kalma, ba ta bar wata al'umma ba. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin yara 5 cikin 100 sukan yi ta, galibi daga shekara 2 zuwa 5. Yawancinsu takan bar su, amma takan zauna wa kamar mutum 1 cikin 100 har girma, maza sun fi yawa. Sau da yawa gadonta ake yi. Ba tsoro ke kawo ta ba, ba kuwa ƙarancin basira ba.

Don a gane yadda al'ada ke ƙara mata nauyi ko rage shi, bari mu duba matasa masu Farisanci, harshen da ake yi a Iran, da Afganistan inda ake kiransa Dari, da Tajikistan inda ake ce masa Tajik. Su suna kiran in'ina loknat.

Inda Takalmin ke Matsi

Mutanen Iran suna da wata al'ada mai suna ta'arof, watau doguwar gaisuwa da kara da musayar kalmomin girmamawa. Idan bikin Nauruz ya zo a watan Maris, akan kewaya gidajen manya ana gaisuwa. A daren Yalda kuwa, cikin Disamba, iyali sukan taru a karanta waƙoƙin Hafiz a bayyane. A makaranta ma ana tayar da ɗalibi ya kawo haddar waƙa. To, matashin da harshensa ke sarƙewa yakan yi kwanaki yana fargabar irin waɗannan lokatai. Wani ya ƙi ɗaga hannu a aji alhali ya san amsa, wani ya guje wa baƙi har a ɗauka rashin ladabi ne.

Wanda iyayensa suka yi ƙaura zuwa Turai ko Amurka, nasa nauyin biyu ne, domin Farisanci yake yi a gida, wani harshe a makaranta, in'inar kuwa takan bi shi cikin duka biyun.

Yadda Ake Auna Nauyinta

A 2006 waɗansu masana biyu na Amurka, Yaruss da Quesal, suka fito da wani tsarin tambayoyi mai suna OASES, wanda daga baya aka fassara zuwa Farisanci. Maimakon ƙidaya sarƙewar harshe kaɗai, yana tambayar mai in'ina yadda yake ji a ransa da abin da ta hana shi yi. Hikimar ita ce, mai 'yar in'ina kaɗan yana iya fin mai tsananinta shan wuya, muddin ana yi masa dariya.

Kira ga Iyaye da Malamai

Darasin nan namu ne, domin mu ma mutanen gaisuwa ne da girmama magana. Lalle ne a saurari yaro har ya kai aya. Kada a ƙarasa masa magana, kada a tsawata masa, kada kuma a bari 'yan'uwansa su kwaikwaye shi. Idan in'inar ta daɗe ko ta fara sa shi gudun mutane, a kai shi asibiti a nemi masanin gyaran magana. Ranar 22 ga Oktoban kowace shekara ita ce ranar wayar da kai game da in'ina a duniya. Ya kamata makarantu su yi amfani da ita.