Azuzuwan zana a Saga: wa ke da alhakin tsare rayukan yaranmu?

Ranar Talata 13 ga watan Afrilun 2021 rana ce da mutanen Yamai ba za su manta da ita ba. Da yammacin ranar ne gobara ta tashi a makarantar unguwar Pays-Bas, ta cinye azuzuwan zana 21, ta kuma halaka yara wajen 20, galibinsu 'yan rabin aji. Wutar ta faro ne daga wajen ƙofar shiga, ga shi babu wata ƙofar fita. Manyan ɗalibai suka haura katanga, ƙananan kuwa suka rasa mafita.

Ba a gama wannan juyayi ba, sai ga wata a Maraɗi ranar 8 ga Nuwamban shekarar, inda aƙalla yara 25 suka rasu. Daga nan ne gwamnati ta haramta sanya 'yan rabin aji a azuzuwan zana. Amma a lokacin an ƙiyasta irin waɗannan azuzuwa sun kai 36,000 a faɗin Nijar, kuma ba abu ne da za a maye gurbinsa dare ɗaya ba.

Ga mutanen Saga wannan ba labarin nesa ba ne, domin da su da Pays-Bas duk da'ira ɗaya suke, wato da'ira ta huɗu ta birnin Yamai. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Saga ma tana da ƙarin nata haɗarin, tunda a bakin kogin Isa take. A damanar 2020 kogin ya yi cikar da ba a taɓa gani ba, ya shiga gidaje da gonakin shinkafa, makarantu suka zama masaukin waɗanda ambaliya ta kora. A 2024 ma ambaliya ce ta sa aka ɗage komawa makaranta a duk ƙasar zuwa 28 ga Oktoba.

To, wa ke da alhakin tanadi? Na farko shi ne darakta, wanda ke kwana da tashi da makarantar. A samansa akwai sufeton makarantu, wanda ke zagayawa yana kai rahoto ma'aikatar ilimi. Hukumar da'ira kuma tana da hannu a gini da gyaran azuzuwa. Sai kwamitin kula da makaranta da aka fi sani da COGES, wanda ya ƙunshi iyaye da malamai, shi ne ke tsara ayyukan shekara da yadda za a kashe kuɗin da aka tara. Akwai kuma ƙungiyar iyaye mata, AME. Ke nan uwar da ke kasa tumatir a kasuwa tana da kujera a wurin da ake yanke shawara.

Galibi bayan girbi ake kafa rumfunan nan, lokacin da zana da kara suka samu, sannan su sha iskar hunturu da zafin bazara har su bushe ƙayau. Don haka tun ranar kafa su ya kamata a yi tambaya. Ƙofa nawa makarantar take da ita, kuma ana kulle ta lokacin karatu? Akwai tazara tsakanin rumfa da rumfa, ko a manne suke? An ba ƙananan yara ajin gini? Akwai ruwa da yashi a kusa? An taɓa gwada wa yara yadda za su fita a guje ba tare da sun tattake juna ba? Motar 'yan kwana-kwana za ta iya shigowa lungun, ko tebura da rumfunan kasuwa sun toshe shi? Lambarsu dai 18 ce.

Masu tuyar ƙosai da fanke a bakin makaranta su ma suna da rawar takawa, su ja murhu nesa da zana, su kashe garwashi kafin su tashi.

Mafi yawan waɗannan matakai ba sa cin ko dala. Wuni ɗaya da za a rufe shago a halarci taron COGES bai kai darajar ran yaro guda ba.