Zaɓen Ƙaramar Bindiga Domin Gasar Harbi: Doka, Ƙa'ida da Hannu a Mahangar Fagge da Sabon Gari

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake zaɓen ƙaramar bindiga domin gasar harbin saiti, ta la'akari da halin da mazaunin Fagge ko Sabon Gari a Kano yake ciki. Ta nuna cewa ƙarfin bindiga, wanda shi ne ma'aunin da Bahaushe ya gada daga fagen yaƙi da farauta, ba shi da gurbi a wannan zaɓe. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci bi da bi: dokar ƙasa, ƙa'idar gasa, sai kuma dacewa da hannun maharbi.

1.0 Gabatarwa

A gasar Olamfik ta birnin Paris a shekarar 2024, hoton wani maharbi ɗan ƙasar Turkiyya, Yusuf Dikeç, ya karaɗe kafafen sada zumunta. Ya tsaya da hannu ɗaya cikin aljihu, ba tare da tarkacen tabarau na musamman ba, ya samu lambar azurfa a rukunin haɗakar mace da namiji. Matashin Fagge da wannan hoto ya burge, har ya yi sha'awar shiga wasan, tambayar da zai fara yi ita ce wace bindiga zai saya. Yana zaune ne tsakanin Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari, inda ya saba ganin cewa mai kuɗi a hannu ba ya rasa haja. Amma wannan haja ta sha bamban, domin kuskure a zaɓenta yana iya kai mutum gidan gyaran hali tun kafin ya harba ko da sau ɗaya.

2.0 Bindiga a Tunanin Bakano

Kalmar bindiga aro ce daga Larabci, kuma ta daɗe a bakin Kanawa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci bindigogi cikin kayan da Dagaci ya zo da su daga Borno a zamanin Sarki Dauda Baƙon Damisa, a ƙarni na 15. Ya kuma nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Har yau 'yan bindiga suna cikin jerin hawan salla, inda ake ɗura albarushi a harba sama don ƙara da hayaƙi. A wajen mafarauci kuwa, darajar bindiga tana ga iya kayar da nama.

Saboda haka ma'aunai biyu Bahaushe ya gada, wato ƙara da kisa. Gasar harbi ta zo da na uku, wanda shi ne maimaita saiti. Abin da ake nema shi ne harbi na sittin ya faɗa inda na farko ya faɗa. Bindigar da ta fi kowace shahara a wannan fage ba ta amfani da albarushi ko kaɗan, matsattsiyar iska ce ke tura 'yar dalma zuwa ga takarda.

3.0 Mataki na Farko: Doka

Dokar Bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Rukuni na farko shi ne haramtattu, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. A ciki akwai bindigogin soja da masu sarrafa kansu, haka kuma akwai libarba da fistol masu harsashi. Rukuni na biyu na buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma a nan ne aka sanya bindigogin iska, manya da ƙanana. Rukuni na uku shi ne na bindigogin ɗuri irin na gargajiya, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininsu. Dokar ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, ta kuma tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda aka kama da bindigar rukunin farko ba izini.

Wannan rabe-rabe ya riga ya yi rabin zaɓen. Gasannin mita 25 ana yin su ne da fistol mai harsashi, wanda ke cikin rukunin farko, don haka ga farar hula hanyarsa a toshe take sai ta hannun hukuma. Abin da ya rage shi ne fistol na iska, na gasar mita 10. Shi ma kada a ɗauke shi abin wasan yara, domin doka ta ƙidaya shi cikin bindigogi. Bugu da ƙari, a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Ke nan mai sha'awa zai fara ne da neman bayani a hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai da kuma hukumar wasan harbi ta ƙasa, tun kafin ya tambayi farashi.

4.0 Mataki na Biyu: Ƙa'idar Gasa

Hukumar wasan harbi ta duniya, wadda aka fi sani da ISSF, an kafa ta a 1907, kuma mazauninta yana birnin Munik na ƙasar Jamus. Ita ce ke tsara siffar bindigar da za a shiga gasa da ita. Gasar fistol na iska ta shiga Olamfik a 1988, kuma sharuɗɗanta a fayyace suke. Faɗin ƙwayar dalma milimita 4.5 ne. Nauyin bindiga ba zai wuce giram 1,500 ba. Kunamar bindiga, wato abin da yatsa ke ja, dole ta iya ɗaukar nauyin giram 500 ba tare da ta tashi ba. Sannan bindigar gaba ɗaya sai ta shige cikin akwati mai tsawon milimita 420 da faɗin 200 da zurfin 50. Ba a yarda da madubin kusanto da abu ko hasken saiti a jikinta ba, sai ƙarafan saiti biyu na gaba da na baya.

Maharbi yana tsayawa ne a kan ƙafafunsa, ya riƙe da hannu ɗaya ba tare da jingina ba, ya yi harbi 60 cikin minti 75. Da'irar tsakiya, mai maki goma, faɗinta milimita 11.5 ne kacal, wato ba ta kai faɗin farcen babban yatsa ba. Kowace ƙa'ida a nan tana da dalili. Da an bar kunama ta yi laushi ƙwarai, da numfashi kawai zai iya tayar da harbi, kuma haɗari ya ƙaru. Da an bar mariƙi ya zarce har ya tallafi wuyan hannu, da itace ne zai yi aikin da ake son jijiya ta yi. Alƙalai kan auna bindigogi a wurin gasa, kuma wadda ta saɓa ana hana mai ita shiga ko a soke sakamakonsa, komai tsadar kuɗin da ya saye ta.

5.0 Mataki na Uku: Hannu

Idan doka da ƙa'ida sun tace, abin da ya rage kamfanoni ne 'yan kaɗan: Steyr na Ostiriya, Morini na Suwizalan, Pardini na Italiya, sai Walther da Feinwerkbau na Jamus. Bindigogin gasa na waɗannan kamfanoni duk suna iya jera dalma a rami kusan ɗaya idan aka ɗaure su a maƙale. Bambancin da ke tsakaninsu yana bayyana ne idan sun shiga hannun mutum.

Abu na farko shi ne mariƙi. Ana sassaƙa shi bisa girman tafin hannu, na dama dabam na hagu dabam. Gwajinsa mai sauƙi ne: mutum ya rufe ido, ya ɗaga hannu, sannan ya buɗe. In ya tarar ƙarfen gaba ya zauna a tsakiyar tsagar baya ba tare da ya murɗa wuyan hannu ba, mariƙin ya dace da shi. Na biyu shi ne rabon nauyi. Bindiga mai nauyi a gaba tana rage rawar baki, amma tana gajiyar da kafaɗa kafin harbi na arba'in, shi ya sa sabon shiga da matashi suka fi amfana da gajeriya mai sauƙi. Na uku shi ne kunama, wadda ake samun ta ƙarfe zalla ko mai aiki da batir. Mai batir takan tashi iri ɗaya kullum, amma gyaranta sai masana, ta ƙarfe kuwa ta fi sauƙin kulawa a inda babu wakilin kamfani.

6.0 Yanayin Kano

Akwai abin da littafin kamfani ba zai tuna wa Bakano ba. Tukunyar iskar bindigar tana ɗaukar matsi mai yawa, akasari ma'aunin ba 200, kuma ƙa'idar gasa ba ta karɓar wadda ta haura shekara 10 da ƙerawa. Mai sayen ta hannu sai ya duba kwanan watan da aka buga a jikinta. Zafin bazara yana ƙara matsin iska, don haka barin ta cikin mota a rana haɗari ne. Ƙurar hunturu kuma tana cin robobin da ke hana yoyo. A Turai ana cika tukunyar daga tulun masu ninƙaya, a Kano kuwa famfon hannu na musamman shi ne abin dogaro. Wajibi ne a guji jarabar kai ta wurin masu walda, domin iskar oksijin da suke amfani da ita tana kama wuta idan ta haɗu da maiƙo a ƙarƙashin matsi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsarin tambayoyi shi ne ginshiƙin zaɓe. Mai sha'awa zai fara tambayar abin da doka ta halatta masa, sannan abin da gasa ta yarda da shi, daga ƙarshe abin da ya zauna a tafinsa. Wanda ya juya wannan jeri ya fara da suna ko farashi, yana iya asarar kuɗinsa ko 'yancinsa. Ga manazarta Hausa kuma akwai aiki a gaba. Harshen yana da kunama da dalma da saiti da bara, amma har yanzu ba a daidaita sunayen sassan bindigar gasa da ƙa'idojin kiyaye haɗari ba. Matashin Fagge da zai koyi wannan wasa a harshensa yana buƙatar waɗannan kalmomi kafin ranar da za a miƙa masa bindiga.