Zuma, Ga Zaƙi Ga Harbi: Aikin Magungunan Barci a Jikin Ɗan Adam

A garin Zandam da sauran ƙauyukan ƙaramar hukumar Gwaram, kamar yadda yake a mafi yawan karkarar ƙasar Hausa, mutumin da barci ya ƙaurace wa idanunsa, ko damuwa ta cunkushe masa zuciya, ya fi kusa da kemis a kan asibiti. Daga cikin abin da akan miƙa masa akwai wata 'yar ƙwaya da matasa ke kira D5, wato diyazifam mai ƙarfin miligiram 5, wadda duniya ta fi sani da sunan Valium. Wannan magani dai shi ne wanda likita a asibitin Birnin Kudu kan zuƙa a sirinji ya tsayar da taune-taunen yaro cikin 'yan mintoci. A hannun likita ya ceci rai, a hannun wanda bai san kansa ba kuwa ya jefa mutum cikin ƙangi. Ba za a gane dalilin haka ba sai an leƙa cikin ƙwaƙwalwa.

Birkin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace tana aika wa maƙwabtanta saƙo ta hanyar fesa musu wasu sinadarai. Wasu daga cikin sinadaran nan aikinsu zuga ne, tamkar totur a jikin babur. Wasu kuwa birki ne. Babban birkin shi ne sinadarin da ake kira GABA, wanda Eugene Roberts da abokin aikinsa Sam Frankel suka ba da rahoton samunsa a ƙwaƙwalwa a shekarar 1950 a Amurka.

A fatar kowace ƙwayar jijiya akwai wasu ƙananan ƙofofi. Idan GABA ya sauka a kan ƙofa, sai ta buɗe, sinadarin kuloraid, wanda shi ne rabin gishirin miya, ya kwarara ciki. Shigarsa takan sa ƙwayar ta yi sanyi, ta yi wuyar zuguwa. Diyazifam da danginsa, waɗanda ake kira benzodiyazifin, suna da nasu mazauni dabam a jikin wannan ƙofa, wanda masana suka gano a 1977. Ba su iya buɗe ta da kansu. Abin da suke yi shi ne taimakon GABA, har ƙofar ta riƙa buɗewa a kai a kai fiye da yadda ta saba. Kaɗan daga maganin kan rage fargaba. Idan aka ƙara, sai tsokoki su saki, barci ya zo. Idan aka sake ƙarawa, sai harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi.

Daga babiturat zuwa Valium

Kafin zuwan waɗannan, magungunan barci na zamani su ne dangin babiturat. Adolf von Baeyer na ƙasar Jamus ya haɗa tushensu a 1864. A 1903 Emil Fischer da Joseph von Mering suka fito da Veronal, sannan fenobabiton ya biyo baya a 1912, wanda har yau ake amfani da shi wajen maganin farfaɗiya. Illar babiturat ita ce, idan ya yi yawa yakan buɗe ƙofar kuloraid da kansa ba tare da jiran GABA ba. Saboda haka tazarar da ke tsakanin adadin da ke sa barci da wanda ke tsayar da numfashi ƙarama ce, kuma an yi asarar rayuka da dama ta wannan hanya.

A 1955 Leo Sternbach, masanin haɗa magunguna a kamfanin Roche, ya haɗa sinadarin da aka fitar kasuwa a 1960 da sunan Librium. Valium ya fito a 1963, ya kuma zama maganin da likitoci suka fi rubutawa a Amurka daga 1969 zuwa 1982. Wannan kamfani ne kuma ya yi Rohypnol, kuma daga sunansa 'yan ƙwaya a Kano da kewaye suka samo kalmar "rochi". Da yake sababbin magungunan ba su cika kisa su kaɗai ba, sai aka ɗauka ba su da aibi. Sai da aka shafe shekaru kafin harbinsu ya bayyana. A 1988 kwamitin kula da lafiyar magunguna na Birtaniya ya gargaɗi likitoci da kada su ba da su fiye da mako 2 zuwa 4.

Inda yake ceton rai

Taune-taune yakan faru ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka ɗauki zuga gaba ɗaya ba tsayawa, kamar yadda akan gani a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau. A nan ana bukatar birki mai kamawa nan take, kuma diyazifam yana isa ƙwaƙwalwa da sauri domin yana narkewa a kitse. Haka nan ana amfani da shi wajen sassauta tsokokin mai cutar tetanos, da kwantar da hankalin wanda za a yi wa tiyata.

Duk da haka kimiyya ba ta riƙe magani don sabo. Shekaru da yawa diyazifam ne ake yi wa mata masu jijjiga, wato taune-taunen da hawan jini ke jawowa a lokacin ciki ko haihuwa. Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a kudancin Jigawa. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna cewa a Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, inda akan kai waɗanda ciwo ya tsananta gare su, kimanin 9 daga cikin kowace haihuwa 100 sun zo da jijjiga. Wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa da aka buga a 1995 ya tabbatar da cewa gishirin magnisiyom salfet ya rage dawowar jijjigar da kusan rabi idan aka kwatanta da diyazifam. Da aka shigar da shi a asibitoci 10 na jihar Kano a 2008, mace-macen masu jijjiga ya sauko daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa kashi 2.3.

Inda harbin yake

Harbi na farko shi ne daɗewa a jiki. Sai an yi sa'o'i 20 zuwa 50 kafin rabin diyazifam ya fita daga jini, kuma hanta tana mayar da shi wani sinadari mai irin aikinsa wanda ya fi shi daɗewa. Ɗalibin da ya sha da dare don fargabar jarrabawa zai shiga aji da mafi yawan maganin a jikinsa. Daɗin daɗawa, dangin nan suna hana ƙwaƙwalwa adana sabon abu, har mutum ya manta abin da ya karanta ko ya aikata bayan ya sha. Ɗan acaɓa kuwa kan makara wajen taka birki, tsoho kuma kan faɗi ya karye. Barcin ma ba cikakke ba ne, domin maganin yana rage kason barci mai zurfi.

Harbi na biyu shi ne sabo. Idan aka yi makonni ana taka birki daga waje, sai ƙofofin su rage jin maganin, ƙwaya ɗaya ta kasa yin abin da take yi a da. Ranar da aka daina kwatsam, sai totur ya yi rinjaye: rashin barcin ya dawo fiye da na farko, ga gumi, ga rawar jiki, wani lokaci har da taune-taune mai iya halakarwa. Don haka wanda ya riga ya saba bai kamata ya yanke a rana ɗaya ba. Likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni.

Harbi na uku, wanda ya fi kisa, shi ne gauraye. Kodin da taramadol suna danne cibiyar numfashi da ke gindin ƙwaƙwalwa, giya kuma tana taka birkin GABA. Idan ɗayansu ya haɗu da diyazifam ko rochi, numfashi kan yi ta raguwa mutum yana barci, har ya tsaya. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan irin wannan haɗi. A watan Oktoba na 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawan Nijeriya cewa ana shan kwalabe miliyan 3 na maganin tari mai kodin kullum a jihohin Kano da Jigawa, kuma a watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta haramta yinsa da shigo da shi. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 2.4 sun sha maganin tari ba don ciwo ba, kusan rabin miliyan kuma sun sha magungunan barci da na kwantar da hankali ba tare da umarnin likita ba.

Abin lura ga malamai da ɗalibai

Rashin barci sau da yawa alama ce ta wani abu: damuwa, ciwo, ko goro da shayi da kofi da yamma, domin rabin sinadarin kafin da ke cikinsu kan kai sa'o'i 5 a jini. Tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, da ajiye waya idan dare ya yi, da faɗa wa babba abin da ke damun zuciya, sun fi ƙwaya amfani mai ɗorewa. Malamin da ya ga ɗalibi yana yawan gyangyaɗi, maganarsa na jan harshe, yana mantuwa, zai fi taimakonsa idan ya haɗa iyayensa da likita maimakon bulala. Wanda kuma aka tarar yana barcin da ba ya farkawa, numfashinsa na ja a hankali, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja, a garzaya da shi asibiti tare da kwalin abin da ya sha.