Cirozerin: tsohon laifi da amanar ƴaƴan mutane

Duk wanda ya taɓa neman aikin gwamnati a Nijar ya san takardar nan da Faransanci ke kira casier judiciaire, mutane kuwa su ce kaziye. Ana karɓo ta a kotun yankin da aka haifi mutum, kuma ba a yarda da wadda ta wuce wata 3. Idan ta fito fara tas, an ce mai ita mutumin kirki ne, a sa dosiyensa cikin layi. Idan akwai rubutu a kanta, galibi magana ta ƙare tun kafin a ga fuskarsa. Wannan takarda ita ce babban abin da ake dogara da shi wajen ɗaukar mutanen da za a damƙa wa yara da matasa: malamin makaranta, mai tsaron ɗalibai a makarantar kwana, mai kula da abincin kantin, mai wayar da kan matasa a ƙarƙashin wani shiri na ƙungiya mai zaman kanta. Shin ko tana tace mutanen da ya kamata a tace? A Cirozerin, cikin jihar Agadas, tarihin garin kansa ya isa ya sa a yi shakka.

Cirozerin gari ne na ma'aikata da makiyaya da masu lambu, arewa da birnin Agadas. Kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, shi ya ɗaga shi: yana haƙar kwal a Anu Araren, yana ƙona shi ya samar da wutar lantarki da ta daɗe tana haskaka Agadas da ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan. Tun farkon shekarun 1960 ƴan mishan ɗin Katolika suka buɗe makaranta a nan domin ƴaƴan makiyaya, kuma kowa ya san abin da karatun ɗan makiyayi yake nufi: yaro ya bar iyayensa a daji, ya kwana ya tashi a hannun wani tsawon watanni. Daga 2014 zinariyar Jado da ta Cibarakaten ta riƙa janye samari, a ranar 31 ga Maris 2021 kuma aka rufe ma'adinin COMINAK, aikin albashi ya ƙara ƙaranci a arewa. Shirye-shiryen matasa sun yawaita saboda haka, na koyon sana'a, na wasanni, na zaman lafiya. Kowannensu yana bukatar ma'aikata ƴan gari masu jin Tamashek da Hausa, waɗanda samari ke saurara. Irin waɗannan mutane kuwa, a wannan yanki, ba kasafai ake samun su da tarihi mai santsi ba.

Dalili shi ne yankin ya ga tawaye sau biyu. Na farko ya kai ga yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, wadda ta tanadi afuwa da shigar da tsoffin mayaƙa cikin soja, jandarma, duwan da sauran ma'aikatun gwamnati, wasu kuma aka mai da su makaranta. A ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara makamai aka cinna musu wuta a Agadas. Na biyu, na ƙungiyar MNJ, ya tashi a Fabrairu 2007, ya lafa a 2009, shugaba Tanja Mamadu ya sa hannu a kan wata afuwar a watan Oktoba na shekarar. Mutanen Cirozerin sun kuma ga yadda al'amarin yake kaiwa har saman gwamnati. A Janairu 2004 aka kashe Adam Amange, jigon jam'iyyar MNSD-Nassara a garin. Aka tuɓe ministan yawon buɗe ido Risa Ag Bula, tsohon jagoran ƴan tawaye, aka tsare shi bisa zargin hannu a ciki, zargin da ya musanta. An sake shi a 2005, an yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a 2008, ya dawo a 2010 aka kama shi aka sake shi a ƙarshen shekarar, a 2011 aka zaɓe shi a majalisar jihar Agadas, daga baya ya zama minista a fadar shugaban ƙasa. Ko mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin hikimar sulhu, ko ya ɗauke shi rashin hukunci, abu ɗaya ya tabbata: arewacin ƙasar nan ya koyi zama da mutanen da jiya suke riƙe da bindiga, domin ba shi da wata hanya.

Sai kuma direbobin hanyar Libiya. Dokar 2015-36 ta 26 ga Mayu 2015 ta mai da jigilar baƙin haure laifi, daga 2016 aka shiga kame, aka ƙwace motoci, aka kai mutane gidan kaso saboda sana'ar da har jiya-jiya ake yinta a fili, bisa rakiyar sojoji. A ranar 25 ga Nuwamba 2023 Janar Abdurahaman Tiani ya soke dokar, aka share hukunce-hukuncen da aka yanke a ƙarƙashinta. Tsawon waɗannan shekaru, direban da aka ɗaure yana da tabo a kaziye, ba zai iya zama ko mai gadin makaranta ba ta hanyar dosiye. Ran da aka soke dokar ya wayi gari fari fat. Halinsa bai canza ba tsakanin daren da safiyar, takarda ce ta canza.

A ɗauki mutum biyu da suka zo neman aikin kula da samari da ƴanmata a wani shiri. Na farko ya yi shekara biyu a duwatsun Abzin lokacin tawaye, ko ya yi zaman kaso saboda ya ɗauki fasinja zuwa Dirku. Kowa a gari ya san labarinsa, shi ma ba ya ɓoyewa. Na biyu malami ne da aka taɓa samu da lalata ɗalibarsa a wani gari mai nisa. Iyayen yarinyar sun ji kunyar zuwa jandarma, manya suka shiga tsakani, aka biya abin da aka biya, aka cire yarinyar daga makaranta, shi kuwa aka canza masa wurin aiki. Ba a je gaban alƙali ba, don haka kaziyensa ba ta da ko ɗigo. A tsarin da ake bi, na farkon ne zai sha tambayoyi, na biyun a ba shi makullin ɗakin kwanan yara. An bar jaki ana dukan taiki.

Nan ne kuskuren yake. Ana tambayar ko mutum ya taɓa yin laifi, alhali abin da ya dace a tambaya shi ne wane irin laifi, wa ya cuta, kuma aikin da yake nema zai sake ajiye shi a gaban irin wanda ya cuta ko a'a. Laifin tsohon ɗan tawaye tsakaninsa da hukuma ne, hukuma kuma ta yafe. Idan ba a san shi da cin zarafin farar hula ba, babu abin da zai hana shi koya wa samari gyaran mota ko ya yi musu magana a kan abin da yaƙi ke jawowa. Hasali ma sun fi jin maganarsa a kan ta baƙon da ya sauko daga Yamai da takardu a jaka. Amma wanda ya ci amanar yaro, laifinsa ya faru ne ta hanyar aikin kansa. Matsayin ne ya ba shi iko, ya ba shi kaɗaici da yaron, ya kuma rufe bakin yaron. Mai da shi kan wannan matsayi daidai yake da ba kura ajiyar nama don ta yi rantsuwa. Afuwar shugaban ƙasa ba ta shafi wannan ba, sulhun dattawa ma bai shafe shi ba, domin yaran da za a kawo gobe ba su cikin waɗanda suka yafe.

Masu cewa tuba tana wanke komai za su amfana da komawa ga malaman fiƙihu. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar nan, wanda aka yi wa haddi ya tuba, halinsa ya gyaru, ana karɓar shaidarsa a gaban alƙali, sai dai a cikin irin laifin da aka hukunta shi a kansa. An buɗe masa dukkan ƙofofi, an bar guda a rufe. Tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Faransa, wadda ta Nijar ta 1961 ta samo tushe daga gare ta, ita ma ta sa haramcin riƙe makaranta ko koyarwa cikin abubuwan da mai babban laifi ke rasawa. Gyaran da aka yi wa dokar Nijar a 2003 ya shigar da laifin matsa wa na ƙasa da kai don neman lalata, kudurin gwamnati na 5 ga Disamba 2017 kuma ya yi tanadin kare yarinya ɗaliba. Dokoki suna nan. Abin da ba ya tafiya shi ne labari, daga makaranta zuwa ofishin sufeto, daga kotu zuwa ma'aikatar ilimi, daga wannan ƙungiya zuwa waccan.

Ba Nijar kaɗai ke fama da wannan ba. A 2015 a garin Villefontaine na Faransa aka kama wani daraktan makarantar firamare bisa zargin lalata da ɗalibansa, sai aka gano tun 2008 kotu ta taɓa hukunta shi kan hotunan batsa na yara, amma ba wanda ya sanar da ma'aikatar ilimi. Abin kunyar ya haifar da dokar 14 ga Afrilu 2016 da ta wajabta wa masu gabatar da ƙara sanar da hukuma irin wannan hukunci. A 2018 kuma aka fallasa yadda ƙungiyar agaji ta Oxfam ta bar wasu ma'aikatanta da aka samu da aikin assha a Haiti a 2011 suka ajiye aiki salin-alin, wasunsu suka sami gurbi a wasu ƙungiyoyin. Tun 2019 ƙungiyoyin agaji da dama suka shiga wani tsari na tambayar juna tarihin ma'aikaci kafin ɗaukarsa. Ƙasar da ke da kwamfuta a kowace kotu ta faɗa wannan rami, balle inda takarda ke tafiya a motar haya.

Sai dai akwai haɗari a ɗaya gefen, kuma ma'aikatan gwamnati sun fi kowa saninsa. A ƙaramin gari inda gurbin aiki guda yake da masu nema ashirin, inda siyasa da dangantaka suka cakuɗe, jita-jita makami ce. Ana iya kashe mutum da rai da kalma ɗaya a fada ko a tasha. Don haka zargi shi kaɗai ba hujja ba ne. Abin da ya dace shi ne a janye wanda ake zargi daga cikin yara na ɗan lokaci ba tare da an yanke masa albashi ba, a saurari yaron a wurin da ba zai ji tsoro ba, a saurari mutumin, a rubuta abin da aka samu a ajiye. Idan an wanke shi, a faɗa a bainar jama'a kamar yadda aka yaɗa zargin. Haka nan a bambanta kuskuren ƙuruciya da hali. Wanda ya saci akuya yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 20 ba a sake jin kansa ba, bai kamata abin ya bi shi har kabari ba.

Batun kuɗi ya fi sauƙi, ƴan kasuwa ma sun riga sun warware shi. Yaron shago da aka taɓa kamawa da hannu a aljihun tebur, mai gida na iya barinsa ya yi dako ko ya raka kaya, amma ba ya sake ba shi makullin asusu. Wanda ya karkatar da buhunan shinkafar kantin zai iya horar da ƴan ƙwallo, sito ne dai ba nasa ba.

A zamanin Samariya, wadda Seyni Kunce ya farfaɗo da ita a tsakiyar shekarun 1970, unguwa ce ke fitar da sarkin samari, kuma tsofaffin mata sun san wanda ba a aika yarinya gidansa. Tsarin yana da nasa aibi, ya zama kunnen gwamnati a wurare da yawa, amma ta wannan fuska ya fi dosiye gani. Yau shugaban shiri yana zaune a Agadas ko Yamai, yana duba takardu, wa'adin mai ba da kuɗi na matsa masa. Kiran waya guda zuwa wurin da mutum ya baro, da zama guda da ƙungiyar iyayen ɗalibai da ta iyaye mata kafin a sa hannu a kwantaragi, ba su cin ko jika ɗaya daga kasafin shirin. Makiyayin da ya sauke ɗansa a ƙofar makarantar kwana a watan Oktoba, ya juya da raƙuminsa zuwa daji, ba zai sake ganinsa ba sai hutu ya zo.