Ƙwallon tebur a Bauchi: Yadda wurin wasa ke jawo matasa ko ya kore su

Ƙwallon tebur na cikin wasannin da matasa ke saurin shiga a birnin Bauchi, domin ba ya buƙatar fili mai faɗi ko tarin 'yan wasa. Tebur ɗaya, raga da mutum biyu sun wadatar. Sai dai abin da ke sa matashi ya ɗore har ya kai matakin gasa ya dogara ƙwarai a kan irin wurin da yake buga wasan.

Dalilin yana cikin ƙwallon kanta. Bisa dokokin Hukumar Ƙwallon Tebur ta Duniya, ITTF, nauyinta gram 2.7 ne, faɗinta milimita 40. Iska kaɗan na iya karkatar da ita. A Bauchi, inda hunturu ke zuwa da iska da ƙura, bazara ta zo da zafi mai tsanani a watannin Maris da Afrilu, damina kuma ta biyo da ruwa, teburin da aka kafa a bakin titi ko ƙarƙashin bishiya ba ya amfanuwa duk shekara. Ruwa da rana na kumbura katako, ƙura kuma na rage kamun robar da ke jikin abin bugu, wadda da ita ake murza ƙwallo.

Ka'idojin hukumar sun fayyace abin da ake nufi da wuri mai kyau. Tsawon tebur mita 2.74 ne, faɗinsa mita 1.525, tsayinsa daga ƙasa santimita 76. Idan aka saki ƙwallo daga tsayin santimita 30, ya kamata ta yi tsalle kusan santimita 23 a ko'ina a kan teburin. A gasar ƙasa da ƙasa, kowane tebur na buƙatar fili mai tsawon aƙalla mita 14, faɗin mita 7 da tsayin mita 5, tare da isasshen haske. Ba a yarda a yi gasar a kan daɓen siminti ko dutse, ko ƙasa mai santsi ba.

Waɗannan alƙaluma suna da tasiri kai tsaye. Yaron da ya koyi wasa a kan tebur mai lanƙwasa zai saba da tsallen da ba daidai ba, ranar gasa kuma sai ya ga kamar sabon wasa ne. Wanda bango ke bayansa ba zai koyi ja da baya don tare bugu mai ƙarfi ba. Daɓe mai tauri na gajiyar da gwiwa, yayin da ɗaukewar wutar lantarki ke katse atisayen yamma, lokacin da ɗalibai da masu sana'a suka fi samun sarari. Ɗan wasan da ba ya ganin ci gaba a hannunsa, sannu a hankali yakan daina zuwa.

Akwai kuma batun 'yan mata. Iyaye da dama ba za su bar 'ya'yansu mata su yi wasa a bakin titi ba, amma zaure rufaffe a makaranta, mai wurin sauya kaya da lokacin da aka ware musu, na iya sauya ra'ayinsu. Funke Oshonaike, wadda ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik sau bakwai, shaida ce ta inda mace za ta iya kaiwa.

Bauchi ba baƙuwa ba ce a harkar wasanni. Ita ta karɓi baƙuncin Bikin Wasanni na Ƙasa a shekarar 2000, kuma filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa na cikin waɗanda aka buga gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Birnin na da babban zauren wasanni na cikin gida, ga manyan makarantu irin su Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, masu tara dubban matasa.

Misalin Legas na nuna amfanin haɗa zaure da gasa mai ɗorewa. Can ne ake gudanar da gasar Asoju Oba tun 1968, kuma zauren Molade Okoya-Thomas da ke filin Teslim Balogun ya karɓi manyan gasanni na duniya. Daga yankin Kudu maso Yamma ne Segun Toriola da Aruna Quadri suka fito, kuma Quadri ne ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen kwata fainal a Olamfik, a birnin Rio a 2016.

Abin da Bauchi ke buƙata bai kai tsadar gina sabon filin ƙwallon ƙafa ba. Ɗakin taron makaranta guda zai iya ɗaukar tebura da dama masu naɗewa. Idan aka haɗa da fitilu masu aiki da hasken rana, daɓen katako ko na roba, mai koyarwa, da jadawalin buɗewa da kowa ya sani, matashin Wunti ko Yelwa zai samu wurin atisaye kusa da gida, rani da damina.