Likitan Ƙwaƙwalwa: Wane Ne Shi, Kuma Wa Yake Dubawa?

  

'Yan'uwa, idan aka ce wa mutum ya kai ɗansa wurin likitan ƙwaƙwalwa, amsar da aka fi ji ita ce, "Ai ɗana ba mahaukaci ba ne." Wani kuma ya ce wannan aikin ruƙiyya ne, likita me ya sani game da iska? Shi ya sa ya dace mu san wane ne wannan likita, me ya karanta, kuma wa yake dubawa. Zan yi misali da mutumin da ake wa laƙabi da uban wannan fanni a Afirka, wato Dakta Tijjani al-Mahi na ƙasar Sudan, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi a 1911 a garin Kawa da ke bakin Farin Nilu. Ya gama Makarantar Likitanci ta Kitchener a Khartum a 1935, ya yi shekaru yana aikin likita kamar kowane likita, sannan ya tafi Landan ya ƙware a cututtukan ƙwaƙwalwa a 1949. Ku lura da wannan jeri. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne tukuna, wanda ya san zuciya da hanta da jini, daga baya ya ƙara wasu shekaru a kan ƙwaƙwalwa da hali. Wannan ne ya sa yake iya gane cewa ruɗewar da ake gani a wurin yaro zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, ko sanƙarau ne, abin da ido kawai ba ya rarrabewa.

Da ya dawo gida sai ya buɗe ɗakin duba masu wannan lalura a Khartum Bahri. Daga baya ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a ofishinta na Iskandariyya, kuma bayan juyin Oktoba na 1964 yana cikin majalisar da ta riƙe shugabancin ƙasar na ɗan lokaci. Ya rasu a 1970. Asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman sunansa yake ɗauke da shi.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne bai dawo daga Turai yana raina mutanensa ba. Mutum ne mai son littafi, ya tara dubbai, har ya wallafa littafi da Larabci a kan tarihin likitancin Larabawa. Ya yi nazarin aikin shehunai da ake kai musu marasa lafiya, ya kuma yi rubutu a kan zar, wanda ya yi kama da bori a wurinmu. Ya fahimci cewa dangi ƙofar malam suke fara bugawa, don haka hikima ita ce likita ya san malam, malam ya san likita, mara lafiya ya amfana. Ɗalibinsa Dakta Taha Ba'ashar ya ci gaba a kan wannan hanya.

Mu ma ɗaliban ilimi mu tuna, wannan fanni ba baƙo ba ne a gidanmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 Hijira, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke lulluɓe mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya ce wannan na biyun yana buƙatar magani irin na jiki. Fiye da shekara dubu ke nan da faɗin haka.

To, wa wannan likita yake dubawa? Bari in daɗe a kan yara, domin a hannunmu suke, mu malaman allo da Islamiyya. Akwai yaron da zai shekara a kan sura ɗaya. Akwai wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ko da an sa masa ido. Akwai wanda ana cikin karatu sai ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi, ido a kafe, a kira shi bai amsa ba, sannan ya dawo kamar ba a yi ba. Malam sai ya ɗauka raini ne, ya ɗauko bulala. Alhali wannan na ƙarshen yana iya zama wani nau'in farfaɗiya ne da ba ya kayar da mutum, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Yaron da ya ga tashin hankali, ko aka raba shi da mahaifiyarsa, yana iya komawa fitsarin kwance ko firgita cikin barci. Wallahi duka ba ya ƙara masa komai sai tsoro. Likita yakan zauna da iyaye, ya tambayi yadda aka haife shi, yaushe ya fara tafiya da magana, kuma sau da yawa shawara ce yake bayarwa, ba ƙwaya ba.

Sai samari da 'yan mata. Hukumar nan dai ta ce mutum 1 cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa. Saurayin da ya bar abokai, ya daina wanka, ba ya barci, yana cewa ana magana da shi ko ana bin sa, kada a jira sai ya fara jifa. Haka wanda ya faɗa wa tiramol ko wiwi. Wanda kuwa ya furta cewa ya gaji da rayuwa, a ranar za a kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. A ajiye wa'azin azaba tukuna, a saurare shi.

A manya, ku lura da mai jego. Idan ta wuce mako biyu tana kuka, ba ta cin abinci, ba ta sha'awar jaririn, ba rashin godiyar Allah ba ne, ciwon damuwa ne, kuma ana warkewa. Tsohuwar da ta fara manta sunan jikokinta tana ɓata a hanya, ita ma a kai ta, kada a bar yara suna kiranta mayya.

Ruƙiyya ta shari'a tana nan da matsayinta, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da neman magani. A haɗa su. Abin da ban ga dalilinsa ba shi ne ɗaure mara lafiya da mari, a hana shi abinci, a dake shi wai aljani ake duka. Mutumin da shari'a ta ɗauke wa alƙalami, ta ina muka samu izinin hukunta shi?

Idan an fara magani a yi haƙuri, domin maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga sauyi, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi sai da sanin likita. Wanda ke shan irin waɗannan magunguna, kafin Ramadan ya kama ya je ya tambaya ko za a iya mayar masa da lokutan sha zuwa sahur da buɗe-baki. In likita ya ce azumi zai tayar da ciwon, to yana cikin waɗanda aka yi wa rangwame, ya zo ya same mu bayan sallar La'asar mu yi masa bayanin ramuwa ko ciyarwa gwargwadon halinsa.